Zamiyata a Tudun Rairayi Ta Sa Gwaggo Ta Fiddo Likkafaninta

Assalamu alaikum Hajiya Rahmatu. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar mai zuwa, domin na jefa wata baiwar Allah cikin tashin hankali, kuma abin kunyar shi ne ko yanzu da nake rubutu dariya na neman ƙwace mini. Astagfirullah.

Ni mace ce 'yar shekara arba'in da tara, haifaffiyar Gwandu, aure ya kawo ni Kalgo. Ina karantar da matan aure a Islamiyyar unguwarmu, ko muryata ba a cika ji ba. Bara likita ya ce jinina ya hau, ya ce in riƙa tafiya a ƙasa. Na yi ta zagaya tsakar gida har kaji suka daina kauce mini. Sai ɗiyata Surayya, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta ce wannan ba tafiya ba ce, mu riƙa fita fadama duk Asabar da ita da 'yan matanta biyu, Ummulkhairi da Fatimatuzzahra. Na nemi izinin maigidana Malam, ya ce a dawo lafiya. Ta kawo mini takalmin kambas.

Hajiya, ashe haka bayan garinmu yake! Shekara talatin ina Kalgo ban sani ba. Muna fita bayan hantsi ya fara ɗagowa, mu bi gefen gonakin shinkafa, mu ɓulla wani tafki da bado ya rufe rabinsa. Ga belbelu fari fat, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai tunanin duniya, ga kirinjijiya suna tashi da fito. Ni dai sai tasbihi. Can gaba, inda ruwa ya ja, akwai tudun rairayi mai laushi, tsawonsa ya fi ɗaki biyu. Yaran suka samu tsohon buhun shinkafa suna zama a kai suna sulalowa. Sati biyu ina tsaye ina cewa a yi a hankali. A na uku na duba gabas na duba yamma, ba namiji ko ɗaya, na tattare hijabina, na yi bisimilla, na zauna.

Wayyo daɗi! Ban san sanda na yi ihu ba. Sau bakwai na hau a ranar. Ni, da matan aure ke durƙusa wa su gaishe ni.

To ga inda matsalar take. Kin san mutanenmu, ba a ganin mace da iyalinta a hanya a ƙyale ta. Mai babur ya tsaya ya ce ko mota ce ta lalace, tsohuwa ta tambaya ko rasuwa aka yi, wani dattijo ma har ya soma ba ni haƙuri wai zaman aure sai da juriya. Duk wanda muka gamu da shi sai ya ce ina zuwa haka. Na kasa cewa yawo za mu, don babba ba ya yawo ba dalili. Sai bakina ya ce za mu gaida Gwaggo Jidda, ƙanwar mahaifina, wadda ke zaune a wani ƙauye bayan tafkin, ta hanyar Diggi. Da na faɗa kuwa sai tsoron Allah ya kama ni, na ce ba zan kwana da ƙarya ba. Saboda haka duk Asabar, in mun gama da tudun, mu kakkaɓe jiki mu ƙarasa gidanta. Yau sati tara ke nan. A da kuwa, Allah ya yafe mini, daga salla sai salla nake zuwa.

Ban lura da yadda abin yake a idonta ba. Ki duba: mutanen da ba su zuwa, ga su duk mako, har da jikoki. Kullum idona ja wur saboda rairayi da hawayen dariya, muryata a dushe saboda ihu. Surayya kuma ba ta rabuwa da abin awon jini, ta ga tsohuwa sai ta ɗaura mata a hannu. Ran nan ta gama awon, ta matso ta raɗa mini cewa akwai rairayi a girata, ni kuma na rufe fuska da hijabi kafaɗuna suna rawa don dariya. Gwaggo tana kallonmu.

Asabar da ta wuce ta kira ni ɗaki ni kaɗai. Ta buɗe akwati ta nuna mini likkafaninta da 'yar kwalbar zamzam. Ta ba ni tasoshinta na gado. Ta ce ta riga ta ba maƙwabciyarta akuyarta, kuma ba ta dasa albasa bana ba, wa zai cire. Ta ce ba sai mun ɓoye mata ba, ta ga raɗar, ta ga kukana, ita ba yarinya ba ce, in dai yafe mata dukan da ta yi mini ina ƙarama kan na fasa tulu. Na rantse mata lafiyarta lau, Surayya ta ce jininta ya fi nawa kyau. Ta yi murmushi ta ce haka ake faɗa wa mai tafiya. Maƙwabciyar ta tare ni a ƙofa ta ce ko furar kirki Gwaggo ta daina sha.

Hajiya, in na faɗa mata gaskiya, za ta gane ba don ita muke zuwa ba, ita ce kawai amsar da nake ba mutanen hanya. Da wane ido zan dube ta? Kuma Gwaggo ba ta riƙe magana, kafin la'asar labari ya kai Gwandu cewa Malama na zamiya a kan buhu. In na yi shiru, tsohuwa na ramewa a kan ciwon da babu shi. Malam ba ya da amfani a wannan magana, da na fara sai ya fita zaure yana tari. Kuma, ki yafe mini, ba na son in bar tudun nan.

Taki, Mai Kambas daga Kalgo.

AMSA

Wa alaikumus salam Malama Mai Kambas. Na yi dariya har ruwan shayina ya huce, amma da na zo kan furar da Gwaggo ta daina sha, na ajiye kofin. Kada ki jira Asabar. Gobe da safe ki tafi, ke kaɗai, ba Surayya, ba abin awo.

Ban ga ƙarya a maganarki ba, kin ce za ki gaishe ta kuma kin je. Amma shirun da kike yi yanzu yana cutar da ita, kuma rantsuwa ba za ta yi aiki ba, tunda ta riga ta yanke cewa tausayinta kuke ji. Abin da zai gamsar da ita shi ne abin da kike ɓoyewa. Ki faɗa mata duka, har da ihun, har da sau bakwai ɗin. Ki cire kambas ki zazzage mata rairayin a gabanta. Ba mai ƙirƙiro irin wannan abin kunya a kan kansa don ya lallashi majinyaci, ita ma ta san haka.

Tsoronki na cewa za ta ji zafi gaskiya ne, kuma tana da hakki. Ki bar ta ta yi faɗanta, kada ki kare kanki. Ki ce mata tudu ne ya fara kawo ki, kuma kin ji kunyar shekarun da ba ki zuwa. Daga nan ki ware mata wata rana a wata, wadda ba tafki ba buhu, ita kaɗai. Ki mayar mata da tasoshinta, ki roƙi maƙwabciya akuyar cikin ladabi, ki tafi da irin albasa in lokacin bai wuce ba.

Batun mutuncinki kuwa, kina cikin suturarki, da izinin mijinki, tsakanin ɗiyarki da jikokinki, kina bin umarnin likita. Labari zai kai Gwandu, a yi dariya kwana uku. Ina kyautata zaton cikin ɗalibanki akwai masu hawan jini da za su zo a ɓoye su tambaye ki hanyar tafkin. Mutanen hanya kuma ki ce musu likita ya sa ki tafiya, ba mai gardama da wannan. Sai dai ki tambayi Surayya ko sau bakwai bai yi wa gwiwa yawa ba, ku riƙe ruwan sha, ku kauce wa shukar mutane, kuma kada yaran su matsa bakin ruwa ba babba.

Asabar kuma ku ɗauki tabarma da fura, ku samo abin hawa ku kai Gwaggo gindin tudun ta zauna ta gani da idonta abin da ke sa ki kuka. Allah ya ƙara muku lafiya ke da ita, ya sa likkafanin nan ya daɗe a akwati. In ta ce a miƙo mata buhun, wannan kam ki hana ta.

Hajiya Rahmatu