Inda Katin Bapu Ya Kwana

Bapu,

Sat Sri Akal. Bayan gaisuwa da ladabi, yaya gwiwarka, ta lafa kuwa? Na san bango ɗaya ne tsakaninmu, amma ka san 'yarka da nauyin baki.

Ni ce na ɗauke katinka na shiga gona. Ban faɗa wa kowa ba, ko Manjot aminiyata.

Ka tuna ranar da sojojin iyaka suka ce duk mai alkama a bayan wayar shingen iyaka ya girbe ta cikin kwana biyu? Ran nan rediyo ya yini yana cewa mu da Pakistan kowa ya fara ambaton makamin nukiliya. Ina ji ka ce wa mahaifiyata, Mata, "Yanzu zan dawo." Bapu, a littattafan soyayyar da nake ɓoyewa a bayan na makaranta, duk wanda ya faɗi haka ba ya dawowa. Kana wanka na zare katin daga aljihunka, na cusa shi cikin littafi.

Sojoji suka mayar da kai daga ƙofar shingen don ba ka da kati, maƙwabta suka girbe tasu, aka rufe. Ka ce Mata ce ta wanke shi da rigar. Ta ce, "Shekara ashirin ina laluben aljihunka, Sardar ji, ban da ƙaiƙayi me na taɓa samu?" Tun daga nan gurasarka ta roti ba ta ƙara ganin man shanu ba. Kwana goma sha shida ina kallonku a haka.

Kaka Bebe ce ta ƙarasa ni. Ta ga yayanka Taya Gurmel yana haƙa ramin ɓuya a tsakar gida, ta ce, "Kai Gurmel, ramin nan ko tulun nonon lassi ba zai ceta ba. Bam ɗin da ake faɗa ba ya tambayar wane gefen waya kake. In ya sauka, mu da manoman ƙetare tukunya ɗaya ce." Ashe ban tsare ka daga komai ba, gonarka kawai na raba ka da ita.

Jiya da aka ce manyan sojojin ƙasashen biyu sun yi waya, an tsagaita wuta, na shige bayan baunarmu na yi kuka har da dariya. Yau lasifikar gurdwara, ɗakin ibadarmu, ta ce gobe ƙarfe tara za a buɗe ƙofa. Taya ya hango alkamarmu, tana tsaye, aladun daji sun ci kusurwa ɗaya kawai. Sabon kati sai an yi makonni, alkama ba za ta jira ba.

Na so in jefar da shi ƙarƙashin gadonka in yi shiru, amma sai laifin ya zauna a kan Mata. Don haka ga shi a naɗe cikin takardar nan. Da hannuna zan miƙa maka tare da shayinka, kuma a gabanta.

In za ka yi faɗa, ka fara ba ta haƙuri tukuna.

Taka 'yar,
Jasnoor