Ba Zan Danna Sikeli Ba

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ya kasuwa, ya ƙafar Mama?

Na ji Kawu yana yaɗawa wai na tafi karatu na ɓige da yi wa haƙoran shanu kwalliya. Ka ce masa bai yi ƙarya ba. Nakan shafa wa rabin haƙori jan farce, in jiƙa shi a lemon kwalba. Bayan kwana biyar in goge jan farcen, allurar na'ura ta bi ta kai, ta nuna zurfin da tsami ya ci a gefen da ban rufe ba.

Lemon wani kamfani ya fi kowanne cin haƙori. Ogan ɗakin bincikenmu ya ce hannuna ne ya yi rawa, in sake. Na sake sau huɗu, amsa ɗaya. Sai ya ce, “Cire haƙora ukun da suka fi lalacewa daga rahoton, ki sa hannu.” Na ce yara ne ke shan lemon nan, ba zan sa ba.

Yanzu an mayar da ni wankin kwalabe. Kada Mama ta damu, ina ci ina ƙoshi, yatsuna ne kawai suka ɗan tsage. Ku sa ni a addu'a, amma kada wanda ya ce in je in ba Oga haƙuri. Shekara talatin kana sayar da nama, ban taɓa ganin ka danna sikeli da yatsa ba. To ni a wurin wa zan koya?

Taka,
Auta