Rigar Sallar Abdulkabir

Kunci, bayan ƙaramar Sallah

Zuwa ga Hure,

Bayan gaisuwa da fatan kun yi Sallah lafiya. Tun da muka rabu ban taɓa fashin abin da alƙali ya yanka mini na ɗana Abdulkabir ba: buhun gero da na dawa duk kaka, da kayan Sallah. Bana tunkiya na sayar na ɗinka masa shadda ruwan toka.

To, ranar Asabar na gan shi a Dawanau a bayan babur ɗin mijinki Mika'ilu. Kaya iri ɗaya suka saka har hula, ya rungume masa ciki. Ɓuya na yi a bayan buhunan wake kamar ɓarawo. Kishi ya hana ni cin abinci, ba zan ɓoye miki ba. Ina tawa rigar? Ko gerona kaɗai ake so a gidan nan?

Ki huta lafiya.
Dabo

Dawakin Tofa

Malam Dabo,

Sallama da gaisuwa. Hatsi yana isowa, Allah ya saka. Riga kuwa tana nan. Ana gobe Sallah muka gwada masa, ta ƙi wuce kafaɗa, wando ya tsaya a ƙauri. Tsohuwar rigar da ya bari a gidanka ka kai wa tela, ko ba haka ba? Yaro ya ci geronka ya girma, kai kana can kana ganinsa yadda ka bar shi. Ragowar shaddar maigidana aka ɗinka masa cikin gaggawa, don kada ya je idi da tsohuwa.

Taka ɗin ya hana a bai wa kowa, tana ƙarƙashin matashinsa. Kuma ya gan ka a Dawanau. Ya tambaye ni ko ba ka gane shi ba ne. Kullum direba kake aikowa don kada ka taka zauren wani, to wannan amsar kam, direba ba zai iya kawo ta ba.

Wassalam.
Hure

Kunci

Hure,

Gaisuwa. Ki ce masa na gane shi. Ina tafe ranar Juma'a in kai shi wurin tela a auna shi a gabana. Zan shiga zauren, zan ba Mika'ilu hannu. Abu ɗaya na roƙa: kada yaron ya kira shi Baba ina ji.

Sai na zo.
Dabo