Muryar da ke Wayar Baba Mai Sito

Maigidana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ciwon bayan nan? Mu lafiya lau, sai kewarka. Tunda inda kuke babu sabis, ga takarda.

Ka tuna sabon tsarin da nake rubuta wa ofis? An amince da shi. An kwashe manyan kwamfutoci, an raba na hannu, mai so kuma ya yi aiki da wayarsa. Sharaɗin shi ne ranar da mutum ya bar aiki zan goge wayar tas, ba a kwafe komai, kada sirrin ofis ya bi shi gida. Manaja ya yaba, kaina ya kumbura, ka san halina.

To, Baba mai sito zai yi ritaya ranar Alhamis. Ashe bai karanta takardar tsarin ba ya sa hannu, wai tunda 'yarsa ce ta rubuta. Haka yake kirana. Jiya ya kawo wayar, duk ta tsage, ya roƙe ni in bar masa abu ɗaya: saƙon muryar marigayiya matarsa, tana ce masa ya sha maganinsa kafin ya taso. Kullum ƙarfe huɗu sai ya kunna, sannan ya sha. Shekara biyu ke nan.

Wallahi kunya ta kama ni. Ka taya ni addu'a.

Taka har kullum,
Sarkin taurin kai

Maigidana,

Ina gaisuwa, da fatan ka samu sauƙi.

Na je wurin manaja na ce na yi kuskure. Ni fa, da bakina. Ya ja rai kwana biyu kafin ya yarda a raba kowace waya gida biyu, na ofis da na mai ita, na ofis kaɗai za a goge.

Ranar Alhamis Baba ya zauna a gabana. Ina gamawa huɗu ta yi. Ya danna, sai ga muryarta, da ƙarar cokali a bayanta. Ni na zuba masa ruwan shan maganin.

Da na koma gida na bincika wayata kaf. Hotunanka sun fi ɗari, muryarka ko ɗaya babu. In ka dawo za ka yi mini magana in ɗauka, ko da mitar nan taka ce ta na bar fitila a kunne.

Ka kula mini da kanka.

Matarka,
Sarkin taurin kai