Gidajen da Alhaji Isiyaku Ya Rufa wa Asiri

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tunawa da Marigayi Alhaji Isiyaku Mai Goro, Agege, Legas.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti, ina ƙara yi mana ta'aziyya baki ɗaya. Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta.

Sunana Haruna, direban marigayi. Shekara ashirin da uku ina jan motarsa. Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, a yi haƙuri da shi. Ban so maganar nan ta fito fili ba. Sau uku na zo ofishinku. Na farko aka ce ka tafi Isolo. Na biyu aka ce kana ganawa da kansila. Na uku na zauna a kan benci tun azahar har la'asar, ka fito, ka dafa kafaɗata, ka ce sai an jima, ka shige mota. Ni kuwa na gaji, ƙafafuna ba na da ba ne, ga taron naku saura kwana tara. Shi ya sa na rubuta inda kowa zai gani.

Na ɗaya. Bari in tuna maka wane ne mutumin da kuke shirin karramawa, don na lura tun da aka yi sadakar arba'in ana ta yabon wani Alhajin da ni ban sani ba. Wanda na sani ba ya son taro. In aka kira sunansa a lasifika a wurin biki, sai ka ga ya kama gyaran hula kamar wanda aka kama da laifi. Ko ciniki ya kai ina, ana sallar la'asar yake rufe rumfa, mu nufi gida. Mu tsaya ya sayi burodi mai zafi saboda jikoki, ya riƙe shi a cinya har ƙofar gida don kada ya huce. Da Hajiya Asabe, matarsa da suka yi shekara arba'in tare, ta sami shanyewar ɓarin jiki, shi yake ba ta koko da cokali kowace safiya, alhali ga 'ya'ya mata cike da gida. Duk Talata nakan kai su asibiti a Mushin. Ya zauna a kujerar baya, kanta a kafaɗarsa, yana ba ta labarin kasuwa, wane ya yi faɗa da wane, har ta yi dariya da ɓarin bakin da ya rage mata. Maƙwabtanmu Yarbawa Baba Olobi suke kiransa, wato Baba mai goro, ranar jana'izarsa ma matansu ba su kasa kaya ba.

Na biyu. Yadda yake kyauta. Kun riga kun sanar a masallaci ranar Juma'a cewa Alhaji yana ciyar da gidaje a ɓoye, saboda haka ba ni na fara tonawa ba. Amma ba ku faɗi yadda yake yi ba, wataƙila don ba ku ɗauke shi da muhimmanci ba.

Kowa a Agege ya san motocin da ke zuwa ɗaukar goro ba sa zuwa hannu rabbana. Suna tahowa da saƙon mutane daga gida: ƙullin daddawa, kuka, buhun gero, man shanu a galan. A rumfar Alhaji ake saukewa. Tun da can ya ce kada kowa ya wahala zuwa ɗauka, motarsa za ta raba kyauta duk Alhamis. To a cikin saƙon gaskiya yake cusa nasa. Shinkafa ce ko masara, a zuba a tsohon buhu, a ɗinke da igiya irin ɗinkin ƙauye, a rubuta sunan mai gida da gawayi. In na isa ƙofar gida sai in yi sallama in ce saƙo ne daga Arewa, mota ta sauke a rumfar Alhaji. Shi ke nan. Gidan mai hali na tsaya, gidan marar hali na tsaya, maganata ɗaya ce. Wanda yake leƙe ta taga ba zai taɓa gane buhun da ya fito daga Katsina da wanda ya fito daga aljihun Alhaji ba. Wata rana na yi kuskure na kai sabon buhu mai tambarin kanti. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci da ni kamar ranar ba. Bai yi mini tsawa ba. Cewa ya yi, Haruna, yunwa takan wuce, amma kunya a unguwa ba ta wucewa, har 'ya'yan mutum sai an goranta musu.

Na uku. Laifina. Bayan rasuwarsa sakatarenku ya same ni a gida, ya ce kwamiti yana son ci gaba da abin da Alhaji yake yi, amma babu wanda ya san gidajen sai ni. Wallahi na yi murna har na yi ƙwalla. Alhamis biyar ke nan ban kai komai ba, na kuma san gidajen da tukunya ta daina hawa murhu. Na zauna na lissafa masa su ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa. Amanar shekara ashirin da uku na miƙa a zama guda, ko shayin da aka kawo masa bai huce ba. Wannan nawa ne, ni zan amsa shi a gaban Allah.

Sai ga shi abin da kuka shirya daban ne. Za a kafa rumfuna a filin makaranta, a ɗauko lasifika da mai bidiyo. Za a kira gidajen nan da suna, kowane mai gida ya taso ya karɓi buhu daga hannun babban baƙo, a ɗauki hoto. Na sani, tun da soja suka koma bariki kowane mai neman kujera yana son a gan shi yana miƙa wani abu. Ban hana kowa siyasarsa ba. Amma a nemi wani buhun da wasu mutanen.

Ranka ya daɗe, ka san su waye a takardar nan kuwa? Akwai dattijon da a da shi ma yake loda motoci uku a mako, yau idonsa ya tafi, amma har gobe da babbar riga yake fitowa, a sahun gaba yake salla, ana kawo masa sulhu. Akwai matar da mijinta ya fita haya da babur ɗinsa na okada bai dawo ba, ga 'yarta an sa rana, dangin ango kuma suna ganin gidan rufin asiri ne. Ba zan ƙara ba, ko wannan ma na yi yawa. Waɗannan za ku jera a rana, yara suna leƙe ta katanga?

Na huɗu, shi ne ya hana ni sukuni. Ranar Litinin sakatare ya aiko mini da katunan gayyata, wai in raba tunda ni na san ƙofofin. Na zauna a cikin mota ina dubawa. Gida goma sha tara na ba shi, kati ashirin na gani. Na ƙarshen sunana ne a jiki.

Na zaci kuskure ne, ko gayyatar ma'aikata ce. Na je wurin mai shagon hatsin da Alhaji yake saye a hannunsa, don na san shi ma kun tambaye shi. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya faɗa mini. Tun shekarar da aka yi dogon yajin aiki kasuwa ta tsaya, lokacin da babban ɗana yake kwance, duk wata akwai buhu guda da ba ya shiga motata. Wani mai danfo, bas ɗin haya, ake ba, ya kai gidana lokacin da aka tabbatar ina kan hanya. Ya yi sallama ya ce saƙo ne daga Arewa.

Ni da nake faɗin wannan magana a ƙofar mutane duk mako, ni aka yi wa ita shekara da shekaru ban gane ba. Ina ta sa wa ƙanen matata albarka, ina cewa yaron kirki, bai manta da 'yar'uwarsa ba. Na koma gida na nuna wa matata Rabi katin. Ta sunkuyar da kai ta ce ta daɗe da sani, tun zuwanta gida na farko da ta yi wa ƙanen nata godiya ya ce shi bai aiko da komai ba. Ta yi shiru ne don in ci gaba da shiga gidana da ƙarfina. Ranka ya daɗe, tun ranar Litinin ban iya haɗa ido da ita a kan kwanon tuwo ba. Mu biyu ne kawai a ɗaki, babu lasifika, babu mai hoto. To ina ga wanda za a kira a gaban Agege duka?

Ga roƙona. A cire kiran suna da hoto daga tsarin taron. A ƙone takardar da sakatare ya rubuta, in da hali a gabana. In da gaske kuna son ci gaba da aikin Alhaji, ku sayi hatsin, ku bar mini sauran. 'Ya'yansa sun ce motar tana nan, tsofaffin buhuna suna nan a bayan rumfa, ban kuma manta ɗinkin ba. Ba na neman ko sisi. Ku yi taronku, ku yi masa addu'a, ku faɗi yadda ya riƙe iyalinsa, wannan kaɗai ya isa a cika yini ana faɗa.

Katuna goma sha tara suna wurina, ban raba ba, ba kuwa zan raba ba. In babban baƙonku ya ce lallai sai ya sami wanda zai miƙa wa buhu a gaban mai hoto, to ga ni. Nawa asirin ya riga ya tonu, da hannuna na ƙarasa shi a wannan takarda. Ku kira Haruna direba, zan taso in karɓa da hannu biyu, in tsaya a rana har mai bidiyo ya gaji. Sauran ku bar su su zauna a cikin jama'a kamar kowa, su yi wa Alhaji addu'a su koma gida.

Allah ya yi maka jagora, ya rufa maka asiri duniya da lahira kai da zuriyarka, kada ya nuna maka ranar da za a kira sunanka don a ba ka abinci. Allah ya haskaka kabarin Alhaji Isiyaku, ya ba Hajiya Asabe lafiya da haƙuri.

Wassalam.

Naka,
Haruna Direba,
Agege.