Hannun da Ya Taɓa Hular

Bone, 9 ga Agusta, 1994

Zuwa ga Indo', mahaifiyata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kina lafiya, ke da yayata Daeng Besse da yaranta a can Tawau. Yaya ciwon gwiwar? Na san halinki, kina can tsugunne a bakin murhu kina cewa ya warke. Mu a nan jiki lafiya, amma garin babu daɗi, kuma gara ki ji daga wurina kafin masu saukowa daga jirgin ruwa su kawo miki da ƙari.

An cire Puang Sakka daga shugabancin makarantarmu. Mu malamai tara muka kai ƙararsa ofishin ilimi. Kada ki ce komai tukuna, Indo'. Mutumin nan ƙarfe bakwai yake datse ƙofa da kwaɗo, malamin da ya makara ya tsayar da shi a rana tare da yara, ɗalibanka na kallonka suna ƙunshe dariya. Ni da na haifi 'ya'ya biyu, sau uku ana shanya ni. Autanki Darwis ne ya rubuta takardar, don duk cikinmu ba mai kyan rubutunsa. Na sa hannu ban gaya wa mijina, surukinki, ba.

Iyaye suka ce ba su san zancen ba. Wai kafin zuwan Puang Sakka ba ɗan ƙauyen nan da ya taɓa wucewa sakandare, shi ne mai bin yara har gonar shinkafa da bakin tafkin kifi ya koro su aji. Gaskiya ne, ban musa ba. Kuma wanda ke gabansu surukinki ne, Daeng Marola, baban 'yarmu Ulfa, tunda shi ne shugaban iyaye. Jiya Litinin suka gicciya gora a ƙofar makaranta suka ɗaure da sarƙa, suka ce ba malamin da zai shiga sai an dawo da shi.

Da baki aka fara. Wata ta kira mu ragwaye, Pak Jufri mai koyar da lissafi ya ce ta fara koya wa ɗanta wanka kafin ta koya mana aiki. Sai dutse a goshinsa, jini har aljihun riga. Darwis ya kama gorar zai ɗaga, baban Ulfa ya danne ɗaya gefen, jama'a suka turo daga baya, ni ma ina tsakiya ana matse ni. Ana cikin haka hular baban Ulfa ta tashi daga kansa ta faɗa kwata. Hular saƙar nan mai bakin zinare da ya gada wurin mahaifinsa.

Kowa ya ja da baya. Ba sai na gaya miki ba, a zagi uban mutum ya fi sauƙi a kan a tuɓe masa kai a gaban jama'a. Siri' ne, mutunci ya zube, kuma kin san da abin da mazanmu ke wanke shi. Wani ya ce, "Darwis ne, na gani." Baban Ulfa ya duƙa ya ɗauki hular tana ɗigar taɓo, ya ce, "Hannun da ya taɓa hular nan ba zai ƙara riƙe alli ba." Bai ko ɗaga murya ba. Darwis ya dube ni.

Ki sa mu a addu'a. Ki gai da Daeng Besse.

Ni ce 'yarki,
Tenri

Bone, 21 ga Agusta, 1994

Indo' tawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fata wasiƙata ta farko ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ulfa da ƙaninta suna gaishe ki, suna nan a gida tunda har yau makaranta a rufe take.

Abin sai gaba yake yi. An ƙona babur ɗin Pak Jufri da tsakar rana a gaban masu sayar da kifi, ba wanda ya ɗebo ruwa. An farfasa tagogin gidan malamai. Mu ma ba waliyyai ba ne: 'yan'uwan Pak Jufri sun tare wanda ya jefe shi a kan gada sun karya masa haƙora biyu. A kasuwa matar da na koyar da 'ya'yanta huɗu ta tofa yawu kusa da ƙafata. Na so in mayar mata, kin san bakina, amma yanzu bakin ya mutu.

Baban Ulfa ya rataye hular a jikin ginshiƙin tsakar ɗaki da taɓonta, ya hana a wanke. Kai a buɗe yake yawo, har masallacin Juma'a. Da ya ji na sa hannu a takardar bai mare ni ba, ya daina cin girkina dai. Shekaranjiya na tarar ya zare wuƙarsa badik daga kube yana goge ta da lemun tsami a gindin matakala.

Liman ya zo, dattawa sun zo. Puang Sakka da kansa ya hawo gidanmu da sandarsa, mutumin da muka tozarta, ya ce ya karɓi canjin, kujera ce ba kabarin ubansa ba, a bar yara su koma karatu. Baban Ulfa ya sumbaci hannunsa ya ce, "Puang, maganar makaranta taku ce. Wannan tawa ce."

Na je na sami Darwis na roƙe shi ya hau jirgi ya taho wurinki. Ya yi dariya, ya ce wai ni da nake dukansa da ludayi yau ni ce mai kuka. Da na matsa ya ce, "Daeng, yayata, in na tafi zai ci gaba da tambayar wa ya ga me. Gara ya tsaya a kaina." Indo', don Allah ki rubuto masa, ki ce jikinki ne ya tashi, ki yi ƙarya in ta kama. Maganarki yake ji.

Akwai abin da nake so in gaya miki, amma ba yau ba.

'Yarki mai kewarki,
Tenri

Watampone, 3 ga Satumba, 1994

Indo',

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ki zauna kafin ki karanta. Darwis yana da rai, da wannan na fara. Daga bakin gadonsa a asibiti nake rubuto miki.

Ranar Alhamis aka buɗe makaranta da sabon shugaba. Ina aji biyu, ta taga na hango baban Ulfa tsaye a gindin mangwaron bakin ƙofa, kai a buɗe. Darwis na tahowa da littattafai a hammata. Ya gan shi sarai, kuma hanya a buɗe take ta baya. Ya ajiye littattafan a ƙasa, ya naɗe hannun riga, ya ɗora hannunsa na dama a kan ginshiƙin ƙofa da kansa.

Na fito da gudu ba takalmi. Na buɗe baki in faɗi abin da ya kamata in faɗa, abin da na iya ce wa mijina kawai, "Daeng, kada." Baban Ulfa ya caka wa Darwis badik a bayan hannu har ta kafe a itace, ya zare, ya yanke shi a wuyan hannu. Darwis bai yi ihu ba, yara ne suka yi. Malamai suka fito da ƙafafun kujeru, iyaye suka yo ca da adduna, aka sari mutum uku, sai da 'yan sanda suka yi harbi sama. Ni ina durƙushe na ɗaure hannun da ɗankwalina, jinin ɗanki na bin gwiwar hannuna. Baban Ulfa ya taka a hankali zuwa gida, ya wanke hular, ya sa a kansa, ya kai kansa ofishin 'yan sanda. An ce maza sun tsaya a bakin hanya suna sunkuyar masa da kai.

Likita ya ce ba za a cire hannun ba, amma jijiyoyin sun tsinke, yatsu uku ba za su sake motsi ba.

Yanzu ga abin da na kasa gaya miki. Ranar gorar nan ina bayan baban Ulfa. Na miƙa hannu in jawo wuyan rigarsa in fitar da shi daga cinkoson, aka ture ni, hannuna ya doki hular. Ni ce, Indo'. Darwis kaɗai ya gani. Na san in aka ce matarsa ce ta tuɓe masa kai a gaban gari, ko ya kore ni ya raba ni da 'ya'yana, ko a ɗauki gawata. Kullum sai in ce gobe zan faɗa. Kwana ashirin da huɗu ina cewa gobe, ina shara a ƙarƙashin hular nan. Na tsani kaina, ban san yadda zan dubi fuskarki ba.

Jiya na ce wa Darwis zan je in faɗa wa kowa. Ya ce, "Yanzu kuma? Sai ya zama an yanke ni a banza. Ki yi shiru, Daeng, ki ba ni ruwa." Na ba shi, don ba ya iya riƙe kofi. Ke kaɗai na gaya wa, ki ƙona takardar nan in kin karanta, kuma in za ki iya ki yafe mini.

Ki gai da Daeng Besse da yara. Darwis yana gaishe ki, ya ce ki yi haƙuri ba za ki ƙara ganin rubutunsa ba, daga yau ni zan riƙa rubuta masa wasiƙunsa. Da hannun nan nawa, Indo', ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Ni ce 'yarki,
Tenri