Ranar da Muka Kai Baba Jabal Moya

Suki, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata Sakina,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma iskar Bur Sudan ba ta sake sa wa Sara tari ba. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Baba yana ta fama da hawasharsa, gonar ban-ruwan nan tasa. Ɗanki Mahmud ya fara zama, sai dai in ya ɗan jima ya kife gefe guda yana dariya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Kin san gidanmu. Da na ɗauki waya sai Inna ta tuna tana da tsintar wake a daidai ƙofar ɗakina. Shi ya sa na rubuta, in ɗauki hotonta in turo miki.

Yaya, har yau ina gida. Na zo wankan jego, an yi suna, an yi arba'in, 'yan barka sun watse, Inna ta gama haɗa kayan gara tun tuni, amma Baba bai ce in koma ɗakina ba. Duk wanda ya tambaya sai ya ce a bari yaro ya yi ƙwari. Yaron da ya kusa rarrafe.

Ni na san ba yaro ba ne, Lukman ne. A takarda dai zan iya kiran sunansa, ba mai ji na. Tun da ya bar aikin famfon ban-ruwa ya koma kai baƙi yawon duwatsu da kogwanni a wajen Jabal Moya, Baba ya ɗauke masa wuta. Cewa yake mutum da idonsa biyu, me zai sa a nuna masa dutse? A wurin Baba sana'a ita ce abin da aka shuka aka girbe, ko abin da aka auna a kasuwa. Na faɗa wa Inna iyalai suna zuwa tun daga Madani da Khartoum su ɗauke shi wuni guda, amma wa zai kai wa Baba wannan magana?

Shi kuma mutumin naki kunya ta kusa kashe shi. In ya zo sai ya tsuguna a zaure, kai a ƙasa, ya yi gaisuwar da ko kazar da ke gefensa ba ta ji, ya tashi ya tafi bai ma ga ɗansa da kyau ba. Ya turo kawunsa a kan maganar komawata, Baba ya ba tsohon shayi ya raka shi bakin hanya.

Na gaji, Yaya. Ina son iyayena, ba abin da na rasa a nan, amma ina kewar mijina da ɗakina. Ina jin haushin Baba, ina kuma jin haushin Lukman da ya kasa buɗe baki.

Inna ce ta samo dabara. Shekaranjiya tana zuba wa Baba ruwan wanke hannu ta ce ba daidai ba ne a raina sana'ar da ba a gani ba. Baba ya ce to, a kai shi ya gani. In aiki ne, zai san aiki ne. In wasa ne, sai Lukman ya koma famfo kafin a sake yi masa maganata. An tsayar da ranar Alhamis, mu kaɗai, ba wasu baƙi. Ki taya ni da addu'a.

Ki gai da maigidanki Osman, ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Fauziyya

Suki, ranar Asabar

Yayata abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka. Na ga saƙonki, na gode da addu'a. Mun je mun dawo lafiya. Ki nemi wuri ki zauna, labarin da tsawo.

Da Baba ya ji an ce ziyara, sai ya shirya kamar mai zuwa ɗaurin aure. Farar jallabiyya, rawani, da sabon markub ɗinsa, takalmin fatar nan mai santsin ƙasa da yake ajiyewa don Idi. Ya kuma juye wa jikinsa turaren sandaliyya har sai da Mahmud ya yi atishawa. Lukman ya iso da bokis ɗinsa, buɗaɗɗiyar motar nan, ya tsuguna ya gaishe shi. Na ga idonsa ya sauka a kan takalmin, na ga ya buɗe baki, na ga ya rufe. Wane suruki ne zai ce wa uban matarsa ya je ya canja takalmi?

Mun haye madatsar ruwa ta Makwar, Inna tana ta salati, idonta a rufe, wai ruwan ya yi mata yawa. Daga nan muka miƙa yamma, fili shimfiɗe, gonakin dawa har iyakar gani. Can sai ga duwatsu sun taso daga ƙasa ba sallama. Yaya, mu mutanen laka ne. Garinmu ko dutsen da za ki jefi akuya babu. Abu mafi tsawo da Baba ya taɓa hawa shi ne gefen magudanar ruwa da rufin ɗaki in zai yi yaɓe. Muna sauka Inna ta fara tsintar duwatsu tana cusawa a jaka, wai wannan na goge kaushi, wannan na daka tafarnuwa, ga su nan a banza ba mai sayarwa.

Wurin yana da kyau ƙwarai. Akwai wani ƙaton dutse da ya fi ɗakin Inna girma, yana zaune a kan wani ɗan ƙarami kamar an ɗora tulu a kan gammo. Baba ya ƙi bi ta ƙarƙashinsa, ya yi zagaye mai nisa yana hararar sa. Wani kuma ya tsage gida biyu, itaciya ta fito ta tsakiya. Remaye suna kwance suna shan hantsi, da suka gan mu suka shige ramukansu.

Amma tun daga nan abu ya fara lalacewa. Mai nuna hanya dole ya shiga gaba, shi kuwa Lukman ba zai wuce gaban surukinsa ba, ba kuma zai tsaya a saman kansa ba. Sai ya zama Baba ne a gaba da sandarsa, mai aikin yana biye da shi a baya. In zai yi bayani sai ya tsuguna tukuna, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Baba ya waiwayo ya ce, "Mi yac ce?" Inna ta maimaita abin da ta iya kamawa. Ni kuma ina goye da yaro, ba damar in sa baki a gaban Baba. A haka muka zagaya itaciyar aduwa guda har muka sake dawowa gindinta. Baba ya dubi Inna ya ce, yadda kowa zai ji, ashe shi ne ma yake nuna wa Lukman hanya. Na ce a raina shi ke nan, sai Mahmud ya fara zuwa makaranta daga gidan nan.

Muna cikin haka Baba ya hango wata tsaga mai duhu a jikin dutse, ya ɗauka kogon da aka zo gani ke nan. Ya nufe ta kai tsaye, a kan wani falalen dutse mai gangara da sulɓi. Na ga Lukman ya ɗaga kai yana saurare. Ashe gidan zuma ne a tsagar, kuma ƙamshin turaren Baba ya riga shi isa. Kafin mu ankara sun fara zagaya rawaninsa. Ya ɗaga hannu zai kore su, takalmin ya zame, ga gangara a bayansa.

"Baba, tsaya nan! Kada ka kore su! Sauke hannunka!"

Yaya, ban taɓa sanin mijina yana da irin wannan murya ba. Dutsen ma ya amsa ya maimaita, Baba ya sha tsawa sau biyu. Lukman ya yi tsalle ya hau dutsen ta sama da shi, ya damƙi damtsensa, ya ce ya cire takalmi yanzu-yanzu. Ya ja gefen rawanin ya rufe masa fuska, ya juyo ya ce mu rufe yaro mu koma bayan dutse. Ya sauko da Baba da baya da baya, ƙafa ba takalmi, yana faɗa masa inda zai taka. Zuma ta harbi Lukman a wuya da kunne. Baba ko ɗaya ba ta taɓa shi ba.

Muka isa inuwa. Nan ne Lukman ya tuna wanda yake riƙe da shi. Ya saki hannun kamar ya taɓa tukunyar da ke kan wuta, ya fara neman tsugunawa. Inna ta rufe baki da mayafi. Ni na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya, don tun da nake ban taɓa jin wanda ya ɗaga wa Baba murya ba. Baba ya dubi ƙafafunsa, ya dubi kunnen Lukman da ya fara kumbura, ya gyara rawaninsa.

"Shiga gaba," in ji shi.

Daga nan yawon ya fara. Lukman ya sa takalmin Baba a jakarsa ya wuce gaba, yana magana da cikakkiyar murya. Ya san kowace tsaga da kowace kwana. Yana miƙo hannu Baba yana kamawa. Ya nuna mana ramukan da mutanen zamanin da suka yi niƙa a jikin dutse har suka lotsa, Inna ta durƙusa ta gwada da ɗaya daga cikin duwatsunta ta ce da za a ba ta da ta kai gida. Ya kai mu wani kwarmi da ruwan damina ke kwance har yanzu, sanyi ƙarara, muka wanke fuska. Sai wata 'yar hanya matsattsiya da dole a bi ta da rarrafe. Na ga Baba, Alhaji guda, a kan gwiwoyinsa, farar jallabiyya ta koma ja, yana dariya yana ce wa Inna kada ta kuskura ta ba da labari.

Kogon yana bayan wannan hanya. Ciki sanyi kamar cikin randa, jemagu suna rataye can sama. Lukman ya haska mana rufin, wani wuri baƙi wani wuri yana ƙyalli. Ta ɗaya gefen akwai buɗaɗɗen baki, in kin tsaya kina ganin filin nan duka, gonaki da garken shanu da ƙauyuka 'yan mitsi-mitsi. Baba ya daɗe a tsaye a wurin. Ya ce shekarunsa duka yana noma ƙasar nan, bai taɓa ganin ta daga sama ba. Sai ya yi sallama da ƙarfi, kogon ya amsa masa. Ya sake yi. Sai da Inna ta ce zai tashi yaro sannan ya bari.

Muka yi sallah a bakin kogon, Inna ta fito da wainar dawa ta kisra da miya, ta dafa gahawar jabana a kan 'yan ƙirare. Lukman ya ɗauki nasa ya koma bayan dutse ya ci, kamar yadda ya kamata. Na bi shi da ido. Kunnensa ya yi suntum, amma wallahi bai taɓa yi min kyau kamar ranar ba.

A hanyar dawowa Baba ya yi barci. Har yau bai ce komai ba a kan komawata, ni kuma ban san yadda ya ɗauki tsawar ba. Ki ci gaba da addu'a.

Kowa yana gaishe ki.

Taki,
Fauziyya

Sinnar, ranar Laraba

Yaya Sakina,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya, yara suna zuwa makaranta. Dubi saman takardar nan ki ga daga inda nake rubutu.

Bayan mun dawo Baba bai bar kowa ya huta ba. A ƙofar masallaci, a hawasha, a wajen mai shayi, labarin dutse kawai. Kullum dutsen yana ƙara tsawo, zuma tana ƙara yawa. Har ya haɗa abokansa za su je bayan girbi, ya kuma gargaɗe su a kan turare. Maganar famfo ba wanda ya sake jin ta. Amma maganata shiru. Sai Inna ta aika wa Lukman cewa ya bar wahalar da kawunsa, ya zo da ƙafarsa.

Ya zo ranar Litinin da la'asar. Ni da Inna muka laɓe a bayan zaure, ita da tiren wakenta. Ya tsuguna, ya koma 'yar muryar nan tasa, yana ta gaisuwa yana kewaye-kewaye. Har na fara cizon yatsa. Sai muka ji Baba ya katse shi.

"Ɗaga murya, yaro. Na ji ta bisa dutsi, na san kana da ita."

Muka ji ya gyara murya. Sannan Lukman ya ce, yadda har maƙwabta za su ji, "Baba, na taho in ɗauki iyalina."

"To mi kaka jira?" in ji Baba.

Inna ta saki tire, wake ya watse, ba wanda ya tsaya tsincewa. Jiya da safe su Gwaggo Rabi'atu suka rako ni da gara, mota ta cika har ba wurin sa ƙafa. Baba da kansa ya ɗauko Mahmud ya kawo bakin mota, ya tofa masa addu'a, ya miƙa wa Lukman shi hannu da hannu. Ya juya ya shige gida da sauri, bai tsaya ganin tashinmu ba. Na yi kuka har muka fita gari, ga shi kuma daɗi nake ji.

Yanzu ina zaune a kan gadona. Ɗakin duk ƙura, ban ma san ta inda zan fara shara ba. Uban da ɗan suna tsakar gida a kan tabarma, yana koya masa rarrafe, ina jin muryarsa daga nan.

Ki gai da Osman da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai farin ciki,
Fauziyya